Littafin Kazimir Dudek

"Ku 'yan Cubs ba kallon wasa ke kai ku fili ba, giya ce da shan hantsi," in ji Loretta, tana dire kwanon miyar kabeji a gefen gadon.

"Ku 'yan Sox ko giyar ba ta fito da ku. Jiya ku nawa ne a filinku? Ke da mai shara?"

Da ƙyar maganar ta fito. Kazimir Dudek, tsohon direban bas, ya rame ya zama kamar sillen kara. Shekara talatin shi da maƙwabciyar tasa suna wannan tsiya, shi ɗan ƙungiyar Cubs, ita 'yar kishiyarta Sox, duk layinmu na Chicago ba wanda bai haddace ba.

Tun yana saurayi wasan ƙwallon besbol na Cubs bai taɓa wuce shi bai rubuta a littafi ba, bugu bayan bugu, ko sun ci ko an lallasa su, lallasawar kuwa ta fi yawa. An ce ranar auren 'yarsa ma da rediyo a aljihu ya shiga coci.

Ran nan da rana, yana bin wasan a rediyo, a zagaye na huɗu, fensir ya suɓuce masa. Ya lalubo, ya sake suɓucewa.

"Loretta, kar shafin nan ya tsaya a rabi."

"Ni? Cubs? Ai uwata sai ta taso daga kabari ta mare ni."

"Ke kaɗai kika iya. Ubanki ya koya miki. Abin kirki ɗaya ke nan da ɗan Sox ya taɓa yi."

Ta ja tsaki, ta fizge littafin, ta gyara tabarau.

A zagaye na bakwai nas ɗin da ke jinyarsa ta riƙe hannunsa, ta daɗe, sannan ta girgiza kai, rai ya yi halinsa. Ta miƙa hannu za ta kashe rediyo.

"Taɓa ki gani, 'yar nan," in ji Loretta. "Saura zagaye biyu."

Loretta ba ta ɗago ba. Hawaye na ɗiga, tana kare takardar da tafin hannu, har aka fitar da ɗan wasan ƙarshe.

"An ci ku, tsohon banza," ta ce a hankali. Ta danna littafin a hammata ta fita.

Washegari, ɗaya da minti ashirin, ana jin wasan Cubs ƙasa-ƙasa daga kicin ɗinta. Labule a sauke, wai kar mu gani.