Ƙidayar Saje

Duk Larabar farko ta wata, ƙarfe sha ɗaya daidai, ana gwada jiniyar gobara a asibitin tsofaffin sojoji da iyalansu. Minti biyu take yi tana ihu, ta yi shiru, kowa ya koma harkarsa. To amma a gidan da rabin masu zuwa sun taɓa kwana a rami saboda irin wannan kukan, minti biyu ba abin wasa ba ne. Shi ya sa jami'ar walwala, wadda kowa ke kira Anti Walwala har waɗanda suka yi jika da ita, take da wata takarda manne a cikin murfin kabad ɗinta, mai ɗauke da sunaye. Kowace Talata kafin gwajin sai ta bi su a waya ɗaya bayan ɗaya: gobe za a kunna jiniya, gwaji ne kawai, in kana da ganin likita ka bari sai da yamma. Babu wanda ya sa ta wannan aikin. Ita ta ɗora wa kanta, kuma shekara tara ba ta taɓa fashi ba.

Don haka da jiniyar ta tashi a wannan Larabar, ko kai ba ta ɗaga ba. Tana cike wa wata gwauruwa takardar neman keken guragu ne. Jiniyar ta gama haukanta ta yi shiru. Ba a fi minti huɗu ba sai ga kukun ɗakin cin abinci a bakin ƙofarta, ludayi a hannu, yana haki.

"Anti, wani mutum ya shige ɗakin sanyi da yarinya. Ya kulle ta ciki."

"Wane mutum?"

"Dogo, rabin kunnensa babu. Shayi ya zo saya. Matarsa ce a sama, wai ana yi mata tiyatar haihuwa. Jiniya na tashi ya sunkuce yarinyar, ya tsallake kantar sayar da abinci, ya ture ni. Ko kofin bai ajiye ba."

Mai rabin kunne ɗaya ne a duk waɗanda suka bi ta hannunta, Saje. Ta buɗe kabad, ga sunansa nan a layi na sha ɗaya, an ja masa jan biro, alamar an daina kiransa. Ita ta ja, wata huɗu da suka wuce, ranar da likita ya ce ya samu sauƙi. Har alfahari ta yi da shi a taron ma'aikata, ta ce ga irin abin da haƙuri ke haifarwa. Ta fizgo fayil ɗinsa, ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta bi kuku a guje.

Ɗakin sanyin yana can ƙarshen ɗakin girki, bayan manyan tukwane. Nan ake ajiye nama da madara. Ƙofarsa ƙarfe ce mai kaurin katifa, ba taga, ba ko 'yar kafa. Ma'aunin sanyi da ke jikin bango yana nuna digiri biyu. Ma'aikatan girki sun yi cirko-cirko, kuma shugaban masu gadi ya riga ta isowa, riƙe da wata ƙatuwar guduma. Oga Gadi kenan, mutumin da ya shekara ashirin yana jiran ranar da za a ce ya fasa wani abu.

"Ya saƙala ƙarfen kantar ajiye nama a mariƙin ƙofar ta ciki," in ji shi. "Bugu biyar na ɓalle ta."

"Kada ka kuskura."

"Haba Anti, yarinya ce fa a ciki."

"Saboda ita nake faɗa maka."

Ba ta tsaya yi masa bayani ba, amma dalilin yana nan a shafi na shida na fayil ɗin. Shekara uku da suka wuce, wani maƙwabcinsu ya fasa dutse da nakiya a gonarsa. Saje ya kayar da matarsa ƙasa ya rufe ta da jikinsa, kamar yadda aka koya masa, bai ɗaga ta ba sai da haƙarƙarinta biyu suka tsage. Wannan babbar mace ce. Yarinyar kuwa shekararta biyar, ga ta ƙarama, ga asma. In gudumar nan ta sauka a ƙarfen nan sau ɗaya, abin da zai ji a ciki ba guduma ba ne.

"To a kashe injin sanyin mana," in ji wata mai wanke-wanke.

Kuku ya girgiza kai. "Wayar wutarsa ɗaya ce da fitilar ciki. In na kashe, duhu ne."

Anti Walwala ta ce kada a taɓa komai. Ta zagaya ƙofar tana shafa gefenta, har ta ga inda ruwan wanki ke fitowa, wata 'yar magudana a ƙasa mai faɗin tafin hannu. Ta cire marufin, ta kwanta rubda ciki a kan simintin da ke da danshi da warin albasa, ta kai bakinta. Iskar da ta buso mata sai da haƙoranta suka amsa.

"Saje, ni ce. Anti Walwala."

Shiru. Sai ƙugin inji. Can ƙasa da ƙugin ta jiyo abin da take gudu, numfashin yarinyar, yana fita da 'yar siririyar ƙara kamar ana busa bakin kwalba.

"Ki sunkuya," muryarsa ta fito a hankali. "Ba su gama ba. In jiniya ta yi shiru haka, to lokacin ne suke zuwa."

"A kwance nake, Saje. Ƙasa ƙwarai. Yaya 'yarka?"

"Mamana tana nan. Na rufe ta."

"Da me ka rufe ta?"

"Da rigata."

Da riga, ba da jikinsa ba tukuna. Ba ta ce masa gwaji ne ba, don ta san a inda yake yanzu babu wani abu wai shi gwaji. Ta miƙa hannu baya, kuku ya sa mata fayil ɗin, ta buɗe shafi na tara inda matarsa ta taɓa yi mata bayanin dabararsu ta gida. Saje ya yi shekaru yana ƙidaya mutanensa bayan kowane ruwan wuta. Har yau, in abin ya taso masa, ba ya dawowa hayyacinsa sai an yi ƙidaya. Shi ne ɗaya, matar biyu, yarinyar uku. In kowa ya amsa, sai ka ga ya saki jiki ya nemi ruwan sha.

Ta juyo ta raɗa wa kuku ya kira ɗakin tiyata, ya nemi babbar nas, ya ce kada ta kashe wayar. Ya ajiye mata ita a gefen kunnenta. Agogon bango ya nuna sun yi minti goma sha huɗu a ciki.

"Saje, a yi ƙidaya."

Ta ji motsinsa, kamar ya gyara zama.

"Ɗaya," in ji shi. Ya ɗan jira. "Biyu."

Ta kara wayar a kunne. Nas ta yi magana da sauri, ana jin ƙarar na'urori a bayanta: matar tana barcin allura, ta zubar da jini amma an tsayar, numfashinta lafiya.

"Biyu tana sama, hannun likitoci," in ji Anti Walwala cikin magudanar. "An sa ta barci, ba za ta iya amsawa ba. Tana numfashi. Nas na tsaye a kanta yanzu haka."

"Ke kika faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To. Ba ki taɓa yi min ƙarya ba." Ya yi tari. "Uku."

Sannan wata 'yar murya, tana yankewa a tsakiya: "U... uku."

Mai wanke-wanke ta toshe bakinta da zani. Anti Walwala ta fara ɗago kai daga ƙasa, tana jiran ƙarar ƙarfen nan da za a zare.

"Huɗu," in ji Saje.

Ta dubi fayil ɗin. Babu huɗu a shafi na tara, babu a ko'ina. Sai da ta yi 'yan daƙiƙu kafin ta gane. Wata huɗu ba ta taka gidansu ba, ba ta san ya riga ya ba wa cikin lamba ba.

"Jaririn fa?" ta tambayi nas a wayar.

"An ciro shi," in ji nas. "Namiji. Bai yi kuka ba. Suna kansa."

"Huɗu," Saje ya maimaita, da ƙarfi wannan karon.

Kuku ya durƙusa kusa da ita. "Anti, don Allah ki ce yana nan. Kalma ɗaya ce."

"Ko na kunna masa kukan jariri a wayata," in ji Oga Gadi. "Ina da na jikana."

Wallahi ta so ta yi. Kalmar tana kan harshenta. Numfashin yarinyar ya canza, ƙarar ta ƙara siririya, tsakanin ja da ja yana tsawo. Wace irin gaskiya ce za ta fi ran yarinya 'yar shekara biyar? Amma ta san shafi na biyu da ka, shafin da sai da ta yi wata bakwai tana zuwa gidansu kafin ya faɗa mata. Wata rana a fagen daga, wani babba ya ce masa ƙidaya ta cika, su shiga mota. Ya yarda bai sake ƙirgawa ba. Sun yi nisa kafin ya lura babu mai ɗaukar musu rediyo. Tun daga ranar kunnensa mai rabin nan yake gane amsar da aka yi don a rabu da shi. In ya ji ƙarya a muryarta, ba ita ba, ba wanda zai sake buɗe wa ƙofar nan. In kuma ta faɗi gaskiya, ƙidaya ba ta cika ba, kuma bai taɓa fitowa ba sai ta cika.

Ta kifa goshinta a simintin. Duk karatunta da takardun shaidarta, babu inda aka rubuta me za ta ce. Oga Gadi ya gyara riƙon gudumarsa, ta ji ƙarar takalminsa yana matsowa.

"Huɗu!"

"Huɗu bai amsa ba, Saje," ta ce. Hawaye na bin hancinta suna ɗiga cikin magudanar. "Yana sama, hawa na uku. An ciro shi, bai yi kuka ba. Ban san ko zai yi ba."

Kuku ya dafe kai. Ita kuwa ta rufe ido, ta san ta kashe yarinyar nan da bakinta.

Sai ƙarfe ya yi ƙara, ya faɗi ƙasa. Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta kusa dukan kanta. Ga Saje tsaye cikin hayaƙin sanyi, daga shi sai wando, leɓɓansa sun yi toka-toka. Ya naɗe yarinyar a rigarsa, ya sa mata safarsa a hannuwa. Bai kalli Oga Gadi ba, bai kalli gudumar ba. Ya sunkuya ya ɗora yarinyar a hannun Anti Walwala.

"Riƙe min uku. Ina matattakala?"

Kuku ya nuna masa da ludayi. Ya fita a guje ba takalmi, suna jin tafin ƙafarsa yana dukan benen. A duk shekarun nan ƙidayar gidansu cika take yi, shi ya sa babu wanda ya taɓa ganin abin da yake yi in an rasa mutum ɗaya. Nema yake fita.

Yarinyar sanyi ƙalau, ba nauyi. Anti Walwala ta ruga da ita ɗakin gaggawa, aka sa mata abin shaƙa a fuska, aka lulluɓe ta da barguna uku. Sai da leɓenta ya fara komawa launinsa sannan Anti Walwala ta zauna a ƙasa jikin gadon. Nan kuku ya same ta da wayar a hannu. Jaririn ya yi kuka, in ji shi, a minti na shida, ɗan kuka kamar na mage, amma kuka ne. Uban yana tsaye a ƙofar tiyata, wani ya ara masa riga.

Da ta koma ofis gwauruwar tana nan zaune da takardarta rabi a cike, ta ɗora takalman masu tsini a kan kujera don kada a taka. Anti Walwala ta ba ta haƙuri ta ce ta dawo gobe. Ta rufe ƙofa, ta buɗe murfin kabad. Ta daɗe ba ta kalli jajayen layukan nan ba, idonta ya saba tsallake su. Ta ƙirga. Ban da Saje, mutum bakwai ta ja wa jan biro a shekara tara, duk sun samu sauƙi, kuma ba ta san ko akwai wanda ya shigo asibitin nan yau da safe ba.

Ta jawo wayar tebur. Na farko yana gona, ya yi mamakin jin muryarta. Na biyu, ɗiyarsa ta ce yana barci. Ta kira na uku. Ta riƙe wayar da hannu biyu, tana sauraro. Wayar ta yi ta ringi har ta katse, Anti Walwala ta sake kira.