Robar da Ta Daina Ɗiga

…matakala goma sha ɗaya kacal, ga shi zaune. Shi, mai gyaran famfo, da ke haye bene huɗu da bututu a kafaɗa yana waƙa — yau akwatin kayan aiki ya fi ƙarfinsa. Matar gidan na can sama tana jira, famfonta na tsiyaya tun safe. Bari dai numfashi ya dawo. Rabinsa ne kawai ke dawowa. Ɓangaren dama na ƙirjinsa shiru, kamar ɗakin da aka kulle.

Ruwa, wai. Ruwa ya taru ya kewaye huhu. Har dariya ya yi wa likita bara — ni za a gaya wa ruwa? Suka soka masa roba ta haƙarƙari, kwana uku tana ɗiga cikin kwalba, ran na huɗu ta tsaya cak. To tanki ya ƙare ke nan, zaman me? A cire masa, gida zai tafi, ya sa hannu a takarda. Uwar yaran riƙe da hannun rigarsa, don Allah Malam ka bari a sake ɗaukar hoton ƙirji… ya ce ita ta san tukunya, shi ya san bututu.

Ya san bututu, oho. Sau nawa ya gaya wa masu gida, in bututu ya yi shiru kar ku ce ruwa ya ƙare, toshewa ya yi? Sau nawa? Da aka zo kan nasa kuma…

Wata tara ruwan na kwance. Ya yi kauri, ya zama ɓawo, ya naɗe huhun — haka likita ya zana masa a bayan takarda. Ko an zuƙe yanzu ba zai buɗe ba, sai an tsaga ƙirji an ɓare, shi ma wataƙila. Kafaɗar dama ta sauka, riga ta yi masa yawa, zazzaɓi kullum da yamma. Uwar yaran kuwa ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ma ta faɗa ya huta. Wallahi kunyarta yake ji.

“Mai famfo, lafiya? Ka iso kuwa?”

Daga sama ne, matar gidan. Saura matakala nawa? Ba ya son ɗaga kai. Ya san amsar, kalma uku ce — ki nemi wani. Shekara talatin bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana buɗe baki, yana tara iska… ko ta faɗin hakan ba ta isa ba tukuna.