Gidan da Bai Ƙirga Inna Ba

Ƙarfe biyu na rana ne, zafi kamar ya narkar da kwano, hadari ya taru can gefe amma ya ƙi zubowa. Na baro shagon walda da wuri saboda an ɗauke mana wuta. Sai da na iso ƙofar gida na shafa aljihu, na ji wayam. Na bar wayata a kan benci a shago.

Gidan na Yayana ne. Yana aiki a nesa, ni da Inna muke ciki. Kafin ya tafi ya kawo mai haɗa na'urori, aka ɗaure ƙararrawar ɓarayi da komai na gidan: ƙofa, fitilu, fanka, har murfin tagogi na ƙarfe. Babu makulli, da waya gidan yake gane mutum. In tawa ta matso, ƙofa ta buɗe, fanka ta tashi. Mai haɗawa ya tambayi wayoyi nawa zai saka, Yaya ya ce biyu, tasa da tawa. Inna ba ta riƙe waya. Abin da gidan yake yi in wayoyin sun yi nisa, ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

Ta sha ce min, "Auta, gidan nan mutuwa yake yi in ka fita." Ni kuwa kullum haske da iska nake tararwa. Sai in yi dariya in ce, "Inna, ke dai kewar tsohon gidanmu ke damun ki."

Ranar ƙofa ba ta san ni ba. Na tura, na buga, ko gezau. Tagogi duk a rufe ruf. Na zagaya baya, inda murfin tagar ɗakinta bai gama sauka ba, na sa ido a tsagar. Duhu ne, sai wata 'yar jar fitila a kusurwar sama tana ƙiftawa. Ƙarƙashinta Inna na zaune a tabarma, ta jingina da bango, hannaye a cinya kamar an dasa ta. Fanka a tsaye. Kofin ruwanta na kan tebur, bai fi taku uku ba.

"Inna!"

"Yi a hankali," ta ce, leɓenta kawai ke motsi. "Yana kallo."

"Tashi ki sha ruwa mana."

"In na motsa ihu zai yi. Ranar da ya yi, wasu ƙarti suka zo da mota, suna dukan ƙofa wai ɓarawo ya fito."

Na tuna ranar. Yaya ya kira ni yana faɗa, ni kuma na dawo na ce mata ta daina taɓa abin da ba ta sani ba.

"Tun yaushe kike zaune haka?"

"Tun fitarka. Kullum."

Mako biyar ke nan da haɗa kayan.

Goggo mai ɗinki, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan katanga. "Auta, gidan naku mai wayo ne ya kore ka? Dama na faɗa, wata rana sai kun durƙusa kun gaishe shi kafin ya bar ku ku shiga."

"Goggo, Inna ce a ciki. Ba iska, ba ruwa."

Nan take ta bar zolaya. Ta miƙo wayarta in kira Yaya, amma ban haddace lambarsa ba. Na sake kiran Inna ta tsagar. Ba ta amsa ba, kanta ya langaɓe gefe.

"Je ka ɗauko taka," Goggo ta ce. "Ni zan tsaya ina yi mata magana."

Na fita da gudu na tare mai babur. Hanyar da nake bi kullum, ranar ta ƙi ƙarewa. Da muka dawo muka karyo kwanar layinmu, waya a hannuna, sai na hango murafen tagogi suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa ta buɗe da kanta. Wata murya mai laushi ta ce daga bango, "Barka da dawowa."

A kwance na same ta, ta sulale ta gefe. A hankali ta faɗi, har gidan bai ji ba. Goggo ta jiƙa mayafi ta shafa mata a fuska, na riƙa ɗiga mata ruwa da cokali. Da ta buɗe ido, ba mu ta fara kallo ba, kusurwar can ta duba.

Da yamma na samu Yaya a waya. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce shi ma bai san inda ake canzawa ba, mai haɗawa kuma ya yi tafiya sai bayan kwana goma. "Amma kar ka kwance min komai, Auta. Ka san ɓarayi."

Washegari da zan fita, na jona wayata a caji kusa da tabarmarta, don gidan ya ɗauka ina nan. Na san Ogan shagonmu zai yi ta nemana bai samu ba, zan sha faɗa. Inna ko kallon wayar ba ta yi ba. Idonta yana kan kusurwa har na ja ƙofa.