Fanken Laraba

Tun da Teunis ya shiga shagon kayan kicin yake ɗaga kasake yana shafa cikinsu da babban yatsa, har yarinyar da ke tsaron wurin ta gaji ta matso.

"Baba, ga sabon fitowa. Ƙwai ba ya kamawa, kuma babu sinadarin nan a ciki."

"Wanne daga ciki, 'yar nan? Ai suna da yawa. A hana ɗaya, su sake masa suna su dawo da shi."

Ba da ka yake magana ba. A masana'antar da ke ƙetaren kogi ya ƙarar da ƙarfinsa, inda ake haɗa sinadarin nan mai santsi da ake shafa wa cikin kasko. Kullum ya dawo aiki, matarsa Riet ce ke kakkaɓe masa riga a bayan gida, farar ƙura na tashi, tana tari tana dariya wai ta auri mai gasa burodi. Ciwon ƙoda ya ɗauke ta bara waccan. Likita bai ce ƙurar ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce, ya bar bawan Allah a tsakiya. Tun daga nan, da yatsansa ya taɓa santsin kasko sai ya ji tarin nan a bayansa. Yanzu ma sai da ya waiwaya, bai ga kowa ba sai wata mata mai zaɓen cokula.

Abin da ya kawo shi kuwa Laraba ce. Ranar ake tashin yara daga makaranta da wuri, jikarsa Fenna ta zo ya soya mata fanke mai faɗi da sikari. Da aka gwada jinin mutanen unguwa, aka ga sinadarin a jikin kowa, 'yarsa Marleen ta ce yarinya ba za ta ƙara cin komai a gidansa ba sai ya zubar da kasaken. Ya zubar. In babu Larabar nan, gidan ya yi masa girma, kuma tsoron hakan yake ji ƙwarai.

Ya zaɓi na baƙin ƙarfe zalla, mai nauyin tsiya, ya ɗaure a bayan keke.

Kwana biyu yana fama da shi, ya shafa mai, ya gasa, ya goge, har cikinsa ya yi baƙi wuluk. Ran Laraba, fanke na farko ya kama, na biyu ya yage, sai a na uku abin ya yi kyau. Yana juya shi Marleen da Fenna suka shigo.

"Kaka, ka ƙona gidan!" in ji Fenna tana toshe hanci.

"Tafi can, sarkin ci. In na zuba ai har faranti za ki lashe."

Marleen ta ɗaga kaskon da hannu biyu, ta duba ciki ta duba baya, ta yi murmushi. Rabon da ya ga haƙoranta a kicin ɗin nan tun kafin jana'iza. Fenna ta hau kujera, ya yayyafa sikari, ya naɗe mata.

Sai idon Marleen ya sauka kan ɓawon ƙwai a gefen murhu, manya da ƙanana, har da gashi a jikin ɗaya.

"Baba, ƙwan nan daga ina?"

Daga ina kuwa? Daga akurkin bayan gida mana, kajin Riet, masu tonon ƙasar da hukuma ta ce kada a ci abin da ya fito daga cikinta saboda sinadarin. Hankalinsa duk yana kan kasko. Da safe hannunsa ya je ya kwaso kamar yadda ya saba, bai ma yi tunani ba.

"Zan je shago yanzu, ai ba nisa," ya ce.

"Bar shi, Baba. Zauna."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta janye farantin a hankali, ta buɗe jakarta, ta fito da burodi da cuku a naɗe, an yanka shi ƙanana yadda Fenna ke so. Teunis ya tsaya yana kallon yankan nan. Tun daga gida ta shiryo shi, tun kafin ta ga kasko, tun kafin ta ga ƙwai.