Tururuwa Sun Yi wa Tumpale Ƙarya

Ranar da Tumpale ta ga tururuwa sun yi dafifi a inda ta yi fitsari, ta yanke wa kanta hukuncin ciwon suga. Haka ake ganewa a ƙauyensu na bayan garin Mbeya, haka marigayiya uwarta ta gane nata, ta bar sukari har ta rasu. Ita ma Tumpale ta daina sa sukari a shayi. Mandazi, irin fanken da take soyawa na sayarwa ma, sai dai ta shaƙi ƙamshi.

Da ƙyar ƙanenta Lusajo ya ja ta asibiti. Likita ta auna jini, ta sake aunawa, ta yi murmushi.

"Mama, jininki lafiya lau. Ƙodarki ce ba ta iya riƙe sukari, sai ta zubar a fitsari. Gado ne, ba ciwon suga ba."

Lusajo ya tuntsire da dariya. "Yaya, ashe tururuwa kike ta ciyarwa, ke kina shan shayi salam!"

"Rufe min baki, ja'iri!"

Suna fita ta zauna wajen mai shayi, ta miƙa kofi.

"Cokali biyu, ɗana. Ɗaya nawa, ɗaya na uwata."