Awa Shida, Murfi A Rufe

Noreen Dubchak ce ke riƙe da littafin ƙungiya. Shekara goma sha tara ke nan tun da masu tsofaffin kwamfutoci na garin Thunder Bay suka damƙa mata shi, kuma ba a taɓa jin ta rubuta abin da idonta bai gani ba. Shi ya sa suka laƙaba mata Alƙaliya, ita kuwa ba ta taɓa cewa ba ta so ba.

Kwamfutocin nasu an daina ƙera irinsu tun 'ya'yansu na firamare. Masu hannu a cikinsu sukan ƙera kati su soka wa na'urar a ciki don ta ƙara gudu. Sai dai wani katin yakan tashi kamar iska, bayan rabin awa allo ya daskare. Wani ya yarda da wannan na'ura, ya ƙi 'yar'uwarta. Saboda haka aka kafa doka: kati ba ya samun shaidar kirki sai ya yi awa shida yana aiki a na'ura uku daban-daban, murfi a rufe, notunan murfin guda biyar duka a ɗaure. In ya ci, Noreen ta rubuta "Ya tsaya." In ya faɗi, ta rubuta "Bai tsaya ba." Babu na uku. Har daga ƙetaren teku akan rubuto a tambayi abin da littafin ya ce, domin na'urar da ta ƙone ba a samun wata.

Wanda ya tsara dokar da bakinsa shi ne Veikko Harju, tsohon mai gyaran lantarki a masana'antar takarda. Katunan mutane da yawa sun faɗi a gabansa yana girgiza kai, amma nasa bai taɓa zuwa gaban Alƙaliya ba. Shekara goma sha huɗu yana ƙera shi a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Duk lokacin da aka tambaye shi sai ya ce saura abu guda.

A bana ya daina cewa haka. Tsakiyar ganinsa ta fara mutuwa. In ya kalli fuskar mutum kunnuwa yake gani, hanci da baki sun ɓace cikin wani toka-toka. Likita ya ce kafin dusar ƙanƙara ta sauka karatu zai gagare shi. Shi ya sa bai jira taron kaka ba. Ya bugo wa Noreen waya ya ce a yi a watan Yuli, ya haɗa katin guda uku, kuma ba zai iya haɗa na huɗu ba.

Ran Asabar ta je ta ɗauko shi, tunda an karɓe masa lasin tuƙi. Ta same shi a bakin ƙofa sanye da rigar sanyi ta ulu, da kwali a rungume.

"Veikko, a wannan zafin? Gasa kanka za ka yi?"

"Daga ƙasa na fito. Can kullum watan Nuwamba ne."

"To cire ta kafin ka shigar mini mota."

Bai cire ba.

A ɗakin sama na zauren unguwa suke taro, mai tagogi biyu da ba sa buɗuwa sosai. Delmar Boisvert ya riga su isowa. Tsohon direban babbar mota ne, ba ya ƙera komai, amma ba a taro babu shi. Ya kawo fanke a tire da tulun kofi, ya jera na'urori ukun a kan dogon tebur: ta Noreen, tasa, da ta ƙungiya.

"Ga Injiniya da amaryarsa," in ji Delmar. "Shekara goma sha huɗu ana kwalliya. In ta fito da muni fa, ni ba ruwana."

"Kai dai riƙe fankenka. Kada ka taɓa mini kati da wannan hannun mai maiƙo."

"Alƙaliya, kin ji ko? Ni na ɗauko masa na'ura a kan matakala ashirin da biyu."

Noreen ce ta soka katunan, don Veikko ba ya ganin ramin. Ya tsaya a kanta yana jin ƙarar shigar kowanne da kunne. Aikin ya yi kyau, wannan kam ta gani. Ɗigon dalmar kowace ƙafa daidai yake da na kusa da shi. Ta mayar da murafe, ta ɗaure notuna biyar-biyar, ta kunna. Ƙarfe tara daidai.

Abin gwajin nasu wani ɗan jirgin ruwa ne da ke kai da kawo a allo, kiɗa na tashi, agogo na ƙirga mintoci a kusurwa. Jiragen uku suka tashi da gudun da ba su taɓa gani ba. Delmar ya ajiye kofinsa.

"Kai, tsoho. Wannan ai ba jirgi ba ne, kifi ne."

Veikko ya karkata kai yana kallon allon da gefen ido, kamar tsuntsu. Noreen ta ga yadda ya gyara tsayuwa.

Suka zauna jira. Aka ci fanke, aka yi maganar wanda ya mutu da wanda ya koma wurin 'yarsa a Winnipeg. Rana ta hau, ɗakin ya fara ɗaukar zafi. Veikko ya cire rigar ulun da kansa.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, kiɗan na'urar Noreen ya maƙale a kan sauti guda. Jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Veikko ya riga kowa miƙewa. "Wace ce?"

"Tawa," in ji Noreen.

"Na sani. Tun bara nake gaya miki wutar na'urar nan ba ta da ƙarfi. Ba ni sukundireba."

"Ba ka ganin notunan."

"To kwance mini."

Ta kwance. Ya bi katin da yatsa, ya danna nan ya danna can, ya ce a sake kunnawa. Ta kunna a buɗe. Jirgin ya tashi lafiya lau, kamar ba abin da ya faru.

"Kin gani? Bai zauna daidai ba ne da farko. Hannunki ya yi sanyi, Alƙaliya."

Ta san ta soka shi daidai. Amma ta so a ce laifinta ne, har ta fara lissafin yadda za a sake wa na'urarta awa shida daga farko.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata ta Delmar ta daskare. Kafin ya gama cewa tasa dama tsohuwar banza ce, ta ƙungiya ma ta bi sahu. Sautuka biyu suka maƙale a ɗakin, kowanne da nasa kukan. Noreen ta kashe su. Saura kiɗa ɗaya, na na'urarta da ke buɗe, jirginta na ta kai da kawo abinsa.

Ta ɗora tafin hannu a kan murfin ta ƙungiya, ta janye da sauri. Daidai saman katin, robar ta yi zafi kamar an sauke tukunya a kai. Ta dubi wadda ke buɗe. Ta dubi Veikko. Sau da yawa ta sauka ɗakin nan nasa na ƙasa, ta tuna teburin, da fitila mai madubin ƙara girma, da sanyin da ke shiga ƙashi ko da rani. Ta tuna na'urarsa kullum hanjinta a waje. Ta nemi murfin a cikin tunaninta, sai ta gan shi a juye a gefen tebur, cike da tarkace.

"Veikko," ta ce a hankali, "ina murfin taka na'urar?"

"Yana nan."

"A kanta?"

Ya kawar da kai.

"Notuna nake zubawa a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara." Ya laluba kujera ya zauna. "Kullum akwai abin da zan taɓa gobe. Me zai sa in rufe abin da zan buɗe da safe? Na bar shi kwana tara yana aiki, Noreen. Kwana tara, ko tari bai yi ba."

"A buɗe. A ɗakin da kake sa rigar ulu."

"A buɗe," ya ce.

Delmar ya buɗe baki, da alama wata tsokana ce ta zo masa, ya mayar da ita. Can ya ce, "To ai zafi ne kawai. A sa masa 'yar fanka."

Veikko ya ce, "A ina? Tsakanin katin da murfi ko ɗan yatsanka ba zai shiga ba."

"A rage masa gudu."

"In na rage shi har ya huce, ya koma daidai da katunan da ke cikin littafin tun shekara goma. Me na yi ke nan?"

"To a huda murfin. Ramuka shida, iska ta shiga, shi ke nan."

Veikko ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Ka huda taka in gani."

Delmar ya kalli na'urarsa, wadda ya saya sabuwa shekarar da aka haifi ɗansa na fari, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Gyaran gaskiya guda ɗaya ne, kuma dukansu sun san shi. Veikko ya ɗora babbar ƙwaƙwalwar katin daidai kan wurin da na'urar kanta ke fitar da zafi. Sai an matsar da ita gefe, wato a sake zana hanyoyin wuta ɗari da wani abu, kowace siririya kamar gashi. Zanen kuwa yana cikin takardun da ya cika da fensir, da alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

"Zan iya karanta maka takardun," in ji Noreen. "Ka faɗa, in zana."

"Ni kaina da idona biyu shekara uku zanen ya ci mini. Ke kin san bambancin alamar da na yi da wadda fensir ya goga?"

Ba ta sani ba.

Suka bar wadda ke buɗen tana aiki, ba don komai ba, sai don babu wanda ya iya miƙa hannu ya kashe ta. Ƙarfe uku ya yi, ya wuce. Jirgin bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Noreen ta ɗauko littafin ta buɗe sabon shafi. Ta rubuta kwanan wata, da sunan katin, da sunan mai shi, da na'urori ukun. Ta tsaya a layin ƙarshe. Delmar ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Ba gani yake ba," ya raɗa. "Rubuta abin da za ki rubuta, ki karanta masa wani abu daban. Wa zai gaya masa?"

"Kunnena lafiya lau yake, direba," in ji Veikko daga inda yake zaune.

Noreen ta juya biro a hannunta. "Zan iya ƙara bayani a ƙasa. In ce yana aiki in an bar murfi a buɗe. Gaskiya ce ai."

Veikko ya girgiza kai. "Shekara nawa Ostrowski na ƙungiyar nan ya yi yana roƙon a rubuta wa katinsa haka? Wa ya hana?"

"Kai."

"To."

Ta sa biro a takarda.

"Rubuta da manya," ya ce. "Yadda zan gani da kaina."

Ta rubuta da manyan baƙaƙe, har suka ci layi huɗu. Ta miƙa masa. Ya kai littafin gefen fuskarsa, ya karkata kai, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya rufe ya mayar mata.

"Hannunki na da kyau," ya ce.

Delmar ya tattara sauran fanken ya naɗe masa a takarda. Veikko ya karɓa, ya manta shi a kan tebur.

Noreen ta mayar da shi gida a mota. Babban tafkin da ke gefen garin ya yi fari da rana, wani jirgin hatsi na fita a hankali. Da suka isa ta yi niyyar juyawa, sai ya ce ta shigo ta taya shi wani abu. Ta bi shi suka sauka matakala. Sanyin ya tare ta tun daga ta uku.

Ya laluba gefen tebur ya ɗauko murfin, ya juye abin da ke ciki a cikin wani gwangwanin kofi. Notuna da guntayen waya na shekara goma sha huɗu suka zube da ƙara, wasu suka gangara ƙasa. Ya goge cikin murfin da hannun riga. Robar ta yi fari fat a ciki, wajen kuwa ya koma ruwan ɗorawa. Ya ɗora shi a kan na'urar, ya danna har ya zauna.

Ya tura hannu cikin gwangwanin yana tsinta da yatsu, ya fito da notuna biyar, ya miƙa mata tare da sukundireba.

"Ban ga ramukan ba," ya ce.

Ta ɗaure na farko, da na biyu. A na uku ta tsaya.

"In ka tuna wani abu gobe fa?"

"Ɗaure, Noreen."

Ta ɗaure sauran. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar biyar ne, sannan ya kai hannu ya kashe fitilar teburin.