Ranar Sauke Katifa

Ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar watan Yuli, na ji ana buga tagogi a maƙwabta. Na ɗaga gefen asabarina na leƙa, sai na ga Eulogio ya wangale gidansa gaba ɗaya, sama da ƙasa, har da ƙofar titi. A garinmu, a irin wannan sa'a, ko kare ba ya tsallaka hanya. Kowane gida a rufe yake ruf, an ja marfin taga, an saki asabari. Shi kuwa tsohon yana tsaye a barandar bene da singileti, yana fifita da jarida, wai iska yake sha.

"Eulogio!" na ƙwala masa kira. "Iska kake sha, ko gasa kanka kake yi?"

"Ki ji da tukunyarki, Visitación. Gidan ubana ne, na fi ki saninsa."

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa jin ya buɗe baki kan wannan gida bai sako ubansa ba. A shagon kofi na Nicanor, inda tsofaffin garin ke buga domino, babu wanda bai haddace karatun ba: ubansa ne ya gina, kaurin bangon ya fi kamu biyu, gida ne da ke sanyaya kansa, masu sayen esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuwa asarar kuɗi kawai suke yi. Kuma gaskiya ne, gidan ya fi na kowa sanyi a unguwar. Ko a watan Agusta ka shiga, sai ka ji gumin bayanka ya tsaya. Matarsa Fuensanta, Allah ya jiƙanta, idan ya fara wannan cika baki sai ta kalle ni ta ƙifta ido, ta ci gaba da ɓare tafarnuwarta.

A watan Nuwamba Fuensanta ta rasu. Wannan ne zafin farko da Eulogio ya shiga shi kaɗai.

'Yarsu ɗaya ce, Araceli, tana aikin jinya a Barcelona. Tun a watan Yuni ta ji uban yana haki a waya, sai ta aiko aka kafa masa esi a ɗakin kwana na sama. Ya kunna shi dare da rana, tagogi a buɗe, yana sanyaya wa tsuntsayen titi. Da takardar kuɗin wuta ta zo, ta kwashe masa fiye da kashi ɗaya cikin uku na fanshonsa. Ya zare wayar daga bango, ya cusa rimot cikin safa, ya jefa a durowa. Duk yamma Araceli ta kira, sai ya ce mata, "Yana nan yana hurawa, har bargo nake ja."

Kwana uku bayan wangale tagogin nan, mai kawo burodi ta buga ƙofarsa ba a amsa ba, ta zo ta gaya mini. Mabuɗin da Fuensanta ta ba ni tun muna da sauran ƙarfi yana rataye a bayan ƙofata. Na buɗe na shiga, zafi ya mare ni, na tarar da shi zube a kan matakala, leɓensa ya bushe, idonsa bai gane ni ba. Wallahi na tsorata. Kwana biyu ya yi a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa.

Ina gefen gado lokacin da Araceli ta kira, kuma muryarta ba ta buƙatar a kara waya a kunne.

"Baba, ƙarya kake yi mini wata guda cur? Ni da nake ganin tsofaffin da zafi ke kawowa kullum? Ran sha biyar ga Agusta ina nan tafe. Likita ya ce kada ɗakinka ya wuce ma'auni ashirin da takwas. In na zo na tarar ya wuce, ka haɗa kayanka, mu rufe gidan. Ba zan binne ku biyu a shekara ɗaya ba."

Ta fashe da kuka, ta kashe. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Amma na san gidanta a Barcelona, hawa na tara ne, baranda ba ta ɗaukar kujera biyu. Mutumin da aka haifa a ɗakin da yake kwana, wanda kabarin matarsa ke tafiyar minti goma daga ƙofarsa, in aka kai shi can an gama da shi.

Washegarin sallamarsa ya buga mini ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Visi, ke da kika san komai na unguwar nan, wa ke duba bango yanzu? Ina jin bangon ne ya tsufa. Ya daina riƙe sanyi."

Na so in yi dariya, sai raina ya ɓaci.

"Bango? Kai Eulogio, shekara hamsin kana kwana a gidan nan kamar baƙo! Ina rumfar inabin tsakar gida?"

"Na sa an sare. Rina take tarawa, ga zubar da ganye."

"Asabaran fa?"

"Suna ɗakin ajiya. Duhu suke sawa."

"Farar ƙasar rufin, wa ya shafa bana? Kuma me kake yi a bene har yanzu? San Juan ya wuce da wata guda!"

A nan, kowa ya sani, ranar idin San Juan, wajen ƙarshen Yuni, ake saukowa. Ana barin ɗakunan sama ga rana, a dawo na ƙasa da ke kallon tsakar gida, sai sanyi ya shigo a sake hawa. Eulogio ma ya sani, da ka. Abin da ya sani a aikace shi ne, duk ranar San Juan yakan fita wajen domino da safe, ya dawo da rana ya tarar da gadonsa a ƙasa.

Ran nan da yamma muka sauke katifar, ni da shi. Shi yana da saba'in da takwas, ni saba'in da ɗaya, katifar kuwa irin ta da ce, ta ulu, mai nauyin jaki. Ya kama gaba, na kama baya. A kwanar matakala ta maƙale.

"Tura mana!"

"Ka karkata ta tukuna, sarkin sani! Ka ɗaga gefen hagu, ka bi jikin bango."

Ya karkata, ta wuce sumul. Ya zauna a matakalar ƙarshe yana mayar da numfashi, ya ɗago ya dube ni.

"Ya aka yi kika san kwanar nan?"

"Wa kake zaton yake kama wa Fuensanta ɗaya gefen?"

"Kowace shekara?"

"Sau biyu. Ai ana mayarwa."

Ya shiga shafa gefen katifar, inda hannu ya sa yadin ya koɗe.

Daga nan na shiga karanta masa aikin, kamar yadda na ji shi ta bayan katanga shekara da shekaru. Ƙarfe biyar da rabi a buɗe komai, sama da ƙasa, sanyin asuba ya ratsa gidan. A ja ruwa a rijiya a jiƙa daɓen tsakar gida. Kafin takwas a rufe ɓangaren gabas, kafin tara a rufe sauran, a saki asabari ta waje, a yayyafa masa ruwa. Girki ya ƙare kafin rana ta ɗaga. Miyar tumatir mai sanyi ba ta son wuta, ƙwai biyu kuwa minti goma ne. Tulu a bakin zaure, inda iska ke bi. Ba a sake taɓa taga sai bangon waje ya huce.

"Duk wannan kullum?"

"Daga Yuni zuwa Satumba."

"Ni ina ina?"

"Kana munshari. Har ta bangona nake ji."

Kwana biyun farko ya makara, sai da na yi ta dukan katanga da sandar tsintsiya, tun daga nan kuma da ita nake tashinsa kullum. A na uku ya rufe yamma ya bar gabas, ya zo yana yi mini ƙorafi cewa dabarata ba ta aiki. Na ce masa dabarar ba tawa ba ce, kuma mai ita ba ta taɓa rikita gabas da yamma ba. Surukin Nicanor ya hau ya shafe rufin da farar ƙasa. Inabi dai ya tafi, ba a dawo da shi a mako uku, don haka muka ɗaure tsohon tamfol ɗin kakkaɓar zaitun a saman tsakar gida. Ba shi da kyan gani, amma yana tare rana.

A ɗakin ajiya na tarar da wani tsohon firji yana ta gurnani, yana hura zafi ta bayansa. Na buɗe, babu komai sai rabin lemun tsami da ya ƙeƙashe da kwalbar zaitun guda, an manna mata takarda da rubutun Fuensanta.

"Wannan kake biya wa wuta tun Nuwamba?"

"Ita ta ajiye a nan," in ji shi, a hankali.

Na yi nadamar yadda na yi maganar. Ya ɗauki kwalbar da hannu biyu, ya kai ta firjin kicin, sannan ya dawo ya zare wayar da kansa.

Wata safiya na shiga na same shi a duƙe a bakin tagar gabas, yana ɗaure igiyar asabari. Ƙusar da ake ɗaurewa tana ƙasa sosai, don Fuensanta gajera ce, ba ta kai masa kafaɗa ba. Na ce ya kawo guduma mu ɗaga ƙusoshin, kada bayansa ya riƙe.

"Bar su a inda suke," in ji shi.

Ran sha biyar ga Agusta, Araceli ba ta zo da safe ba, ba ta kuma jira yamma ba. Ƙarfe uku na rana cif motar haya ta sauke ta, kuma na san da gangan ne, don 'yar uwarta ce wajen wayo. Da akwati biyu ta zo. Na karɓi babban don in taya ta, sai na ji shi fayau, babu komai a ciki.

"Inna Visi, kada ki sa baki," ta ce mini tun a ƙofa.

"Ni? Bakina a ɗinke yake."

Muka shiga. Duhu ne a zauren, sai ƙanshin jiƙaƙƙen daɓe da na ciyawar asabari. Tulu yana ta gumi a kusurwa. Eulogio na zaune a ɗakin ƙasa, ya sa farar riga har da maɓallin wuya, 'yar fanka tana juyawa a gefensa. Araceli ta sumbaci goshinsa, ta kama hannunsa ta ja fatar ta saki, ta leƙa harshensa. Sannan ta ciro ma'aunin zafi daga jaka ta ɗora a kan tebur. Muka zuba masa ido mu uku.

Ashirin da bakwai.

Ba ta yarda ba. Ta hau bene da sauri, muka ji ta buɗe ɗakin sama, ta sauko tana share wuya.

"Can kam tanda ce. Kuma esin a kashe yake."

"A kashe yake," in ji shi. "Ba zan sake yi miki ƙarya ba."

"To ka ji sharaɗina. Gobe za a sauko da shi nan. Duk ranar da rediyo ta ce zafi ya kai intaha, ka kunna awa uku da rana, ƙofa a rufe. Ni zan ji da kuɗin wutar."

"Awa biyu."

"Baba!"

"To, uku."

Ta zauna a bakin gado, sai a lokacin ta saki kafaɗunta. Ta zare takalmi ta dafa tafin ƙafarta a daɓe, ta ɗaga kai tana kallon katakan rufi, tana murmushi kamar ta dawo 'yar shekara goma.

"Kai, gidan Kaka ke nan. Ka sha faɗa, Baba. Bangon nan, ba a sake gina irinsa."

Na dube shi. Ga ƙofa a buɗe, 'yarsa da kanta ta ɗora masa karatun, abin da ya rage kawai ya ce kamu biyu.

"Ba bangon ba ne, Araceli," ya ce. "Uwarki ce. Shekara hamsin ina yi wa bango godiya."

Araceli ta rufe baki da hannu. Ni kuwa na ce musu na bar wake a kan wuta, alhali kowa ya san ba na kunna wuta da rana. Na fita na ja musu ƙofa.

Tun Nuwamba nake farkawa biyar da rabi, in kwanta ina sauraron shiru ta bayan katanga, kuma ban taɓa gaya wa kowa yadda shirun nan ke cin raina ba. Washegari ban kai ga ɗaukar sandar tsintsiya ba, sai na ji ƙarar guga ya faɗa rijiya. Jan Eulogio ba irin na Fuensanta ba ne, gugan yana bugun gefe, rabin ruwan yana zubewa kafin ya iso. Na kwanta ina ji har ya jiƙa daɓen duka.